Hasashen tafiyar ciyawar sargasum a teku: ina na'ura mai koyo ke da amfani, ina take ruɗin mutum?

Ɗalibin Teku:
Assalamu alaikum malamai. Tambayata a kan sargasum ce, ciyawar nan mai yawo a saman ruwa da ta cika tsakiyar Tekun Atlantika tun 2011, daga gaɓar Afirka ta Yamma har Karibiyan da mashigin Meksiko. Hotunan MODIS, na'urar ɗaukar hoto da ke kan tauraron ɗan'adam, na fiye da shekara ashirin suna nan kyauta, bayanan iska da na gudun ruwa ma haka. Me zai hana a ba na'ura hotunan kwana bakwai da suka wuce, a horar da ita ta zana na kwana bakwai masu zuwa, irin yadda ake yi da tsare-tsaren na'ura mai koyo masu aiki da hoto, wato ConvLSTM ko U-Net, ba tare da an shiga lissafin motsin ruwa ba sam? A ina wannan hanya take tuntuɓe?

Malamar Taswira:
Wa alaikumus salam. Tun daga kan hoton take tuntuɓe. Tauraron ɗan'adam ba ciyawa yake gani ba, haske yake aunawa. Sargasum tana shanye jan haske, tana mayar da wanda ke gaba da ja da ƙarfi, shi kuwa ruwa yana shanye wannan na biyun kusan duka. Ma'aunin gano ciyawa mai yawo, AFAI, da ake amfani da shi a MODIS yana ɗaukar zangon haske uku, nanomita 667 da 748 da 869, a ja layi tsakanin na farko da na ƙarshe, a duba yadda na tsakiya ya ɗaga sama da layin. Ɗagawar nan ita ce alamar ciyawa.

To a waɗannan zanguna, ɗigon hoto ɗaya kilomita guda ne ta kowane gefe, kuma da wuya ciyawa ta cika shi. Mafi ƙarancin abin da ake iya tsinkaya shi ne ta rufe kusan kashi 0.2 cikin ɗari na ɗigon, wato murabba'in mita 2,000. Ana lissafa kilo 3.34 na jiƙaƙƙiyar ciyawa a kowane murabba'in mita, sai ka ga abin ya doshi tan bakwai. Duk ɗigon da ke ɗauke da ƙasa da haka, a taswira fanko ne, alhali in iska ta tattaro irinsa ɗari zuwa bakin gaɓa ɗaya, an shiga aiki.

Sai gajimare. Inda ciyawar ta fi taruwa a tsakiyar teku yana ƙarƙashin layin haɗuwar iskoki na kusa da ikwaita, kuma can ne hadari ya fi zama. Ga ƙyallin rana a kan ruwa da ke ƙona wani yanki na hoton, ga ƙurar Sahara da ke rikita gyaran da ake yi don cire tasirin sararin sama, ga gefen gajimare da inuwarsa da ke kwaikwayon ciyawa. Shi ya sa ake haɗa hotunan kwana bakwai su zama taswira guda. Amma tabarmar ciyawa da ke tafiyar santimita 30 a daƙiƙa tana cin kilomita 26 a yini, kusan 180 a mako. A haɗaɗɗiyar taswira tabarma ɗaya za ta iya fitowa a wuri biyu ko uku. In ka horar da na'ura a kan wannan, motsin da kake so ta koya an riga an goge shi.

Mai Kwamfuta:
Malama, wannan duk yana da magani. Ana ba na'ura shafi na biyu da ke nuna inda gajimare ya rufe, kuma ba a lissafa kuskure sai a ɗigogin da aka gani. Babban laifin da masu farawa ke yi shi ne cike wurin gajimare da sifili, sai na'ura ta koyi cewa ciyawa tana ɓacewa in hadari ya taso, tana dawowa in gari ya washe. In an kauce wa wannan, ban ga dalilin da zai sa hanyar hoto zuwa hoto ta gaza ba. A hasashen ruwan sama na awa ɗaya zuwa biyu daga hotunan rada ai tana aiki.

Dakta Ƙididdiga:
Rada tana ba da cikakken hoto duk minti biyar ko goma, Malam. Nan kuwa wurin da ka gani yau, mai yiwuwa sai bayan kwana huɗu ka sake ganinsa. Ba ɗaya ba ne.

Kuma akwai matsala biyu da shafin gajimare ba ya warkarwa. Ta farko, yawan hotuna ba yawan darasi ba ne. Daga 2011 zuwa yau kakar ciyawa ba ta wuce goma sha 'yan kai ba, a cikinsu ma 2013 kusan babu komai. Hoton yau da na gobe kusan abu guda ne. In ka gauraya ranaku, ka ware kashi 80 na horo, 20 na jarrabawa, to Litinin tana horo, Talata tana jarrabawa: satar amsa ce kawai. Makin zai yi kyau, na'urar kuwa hadda ta yi. Da shekaru ake rabawa, a ɓoye kaka biyu ko uku sukutum, kada a taɓa su sai ranar ƙarshe.

Ta biyu, ma'aunin kuskure. In kana rage matsakaicin murabba'in kuskure ɗigo da ɗigo, siririn layin ciyawa da aka zana daidai amma ya goce da kilomita 15 ana ci masa tara sau biyu: ya sa ciyawa inda babu, ya bar inda akwai. Na'ura tana gane cewa mafita ita ce ta shafa hazo-hazo a ko'ina. Kuskurenta zai ragu a lissafi, taswirar kuwa ba ta gaya wa kowa komai. Ƙara da cewa mafi yawan ɗigogi babu ciyawa a cikinsu, har wanda ya ce "babu" kullum zai ci maki sama da kashi casa'in. A yi amfani da ma'aunin da ke kwatanta kason ciyawa a cikin unguwa guda, kamar akwatin kilomita 25, da 50, da 100, sannan a faɗi girman akwatin da hasashen ya fara amfani a kansa.

Injiniya Mai Ruwa:
Ni abin da ban yarda da shi ba a tambayar shi ne "ba tare da an shiga lissafin motsin ruwa ba". Don me za ka tilasta wa na'ura ta sake gano abin da aka riga aka sani, da ɗan bayanin da bai isa ba?

Saurin tabarmar ciyawa jimillar abu huɗu ne: gudun ruwan sama-sama, turin iska kai tsaye a kan ɓangaren da ya leƙo, turin raƙuman ruwa da ake kira na Stokes, da ragowar da ba mu iya rubutawa da kyau. Sargasum tana da ƙananan ƙwayoyi masu iska a jikinta, su ke riƙe ta a saman, galibinta kuma a nutse yake kaɗan, don haka turin iska ba shi da yawa. Ana sa shi tsakanin kashi 0.5 zuwa 3 cikin ɗari na saurin iskar da aka auna a tsayin mita goma, kashi 1 ya fi yawa a bakin masu aiki. Kada a raina shi. Iskar gabas ta mita 7 a daƙiƙa, kashi 1 nata santimita 7 ne a daƙiƙa, kilomita 6 a yini, 42 a mako. Wannan ya isa ya raba tabarmar da za ta bugi gabashin wani tsibiri da wadda za ta wuce ta mashigi.

Amma ga inda gizo ke saƙa: kuskuren santimita 10 a daƙiƙa a gudun ruwa, wanda ba baƙon abu ba ne a samfuran teku, kilomita 8.6 ne a yini. Wato kuskuren ruwan ya kan fi dukan turin iskar da ake ta gardama a kai. Samfurin teku na kwamfuta irin GLORYS12 ko HYCOM na duniya gidajensa kashi ɗaya cikin goma sha biyu na digiri ne, wajen kilomita 9. Ƙananan kewaye-kewayen ruwa da layukan da iska ke jera ciyawa a kansu ba sa ciki. Manyan ƙawanyoyin ruwa masu juyawa da ke ɓallewa daga Gudun Arewacin Burazil, masu faɗin ɗaruruwan kilomita, suna ciki, amma in samfurin ya ajiye ƙawanya kilomita 40 nesa da inda take, ciyawarka za ta bi gefen da ba shi ba, ta tafi arewa maimakon yamma. Babu na'ura mai koyo da za ta gyara wannan in ba a ba ta wani sabon awo ba.

Kuma a yi hattara da lissafa abu ɗaya sau biyu. Turin Stokes shi ma kusan kashi 1 na iska ne, kuma yawanci inda iska ta nufa yake nufa. In ka ɗauki kason iska daga aikin da bai saka Stokes dabam ba, to Stokes yana cikinsa. Wasu bayanan gudun ruwa na awa-awa ma an riga an haɗa musu raƙuma da cikar teku da janyewarsa. Karanta takardar bayanin fayil kafin ka ƙara komai.

Ɗalibin Teku:
Na gane, Injiniya. To a ina na'urar za ta shigo ke nan?

Injiniya Mai Ruwa:
A ragowa. Ka lissafa saurin da lissafin ruwa da iska ya bayar a wurin da abin yake, ka debe shi daga saurin da aka auna, abin da ya rage shi na'ura za ta koya. In ta rikice, hasashenka zai koma ga lissafin asali, ba zai haukace ba. Sharaɗi kawai ka ɗaure ta ta karkata ga sifili in ta ga yanayin da ba ta sani ba.

Dakta Ƙididdiga:
Na yarda da wannan, sai dai tambayar ita ce "saurin da aka auna" na mene ne. Tabarmar ciyawar da aka liƙa wa GPS aka bi ta ba ta da yawa, kuma na'urar kan rabu da ciyawar bayan 'yan kwanaki, ko tabarmar ta watse. Abin da ke da yawa shi ne ƙwallayen bin ruwa na shirin duniya na NOAA, hukumar teku da yanayi ta Amurka, sama da dubu a teku a kowane lokaci. Amma kowanne yana da jela mai kama ruwa a zurfin mita 15, an yi ta ne musamman don kada iska ta tura shi. Wannan ba sargasum ba ce. Waɗanda jelarsu ta tsinke su suka fi kusa, don iska tana jan su da kusan kashi 1 na saurinta. Don haka matakin farko shi ne ware masu jela daga marasa ita ta ranar tsinkewar da ke cikin bayanan, a kuma zubar da 'yan kwanakin da ke kewaye da ranar, don ba kullum take daidai ba.

Sannan a duba yadda aka samu wurin. Da GPS, kuskuren mita 10 a tsakanin awo biyu masu tazarar awa guda bai kai rabin santimita a daƙiƙa ba, babu damuwa. Tsofaffin da aka bi ta tsarin taurarin ɗan'adam na Argos kuwa, kuskuren mita 300 yana haifar da kusan santimita 12 a daƙiƙa na hayaniya, ya fi ragowar da kake nema. Su sai a tsawaita tazarar zuwa awa shida ko fiye.

Kada kuma yawan layuka ya ruɗe ka. Ƙwallo ɗaya na kwana 100 yana ba da layi 2,400, amma saurinsa yana tuna kansa na kwana uku zuwa biyar, don haka darasi ashirin zuwa talatin ne masu zaman kansu. Ƙwallo guda kada ya rabu tsakanin horo da jarrabawa, waɗanda aka saki tare a wuri ɗaya ma su tafi ɓangare ɗaya.

Malamar Taswira:
Akwai wata hanya ta samun saurin ciyawar kanta. Taurarin da ke ɗauke da MODIS biyu ne: Terra yana wucewa da safe, Aqua bayan azahar, a mafi yawan shekarunsu tazarar wajen awa uku ce. In an ga tabarma mai siffa bayyananniya a hotunan biyu, ana auna gocewarta. Sai dai a santimita 30 a daƙiƙa, awa uku ɗigo uku ne kacal, kuskuren ɗigo ɗaya kuwa santimita 9 ne a daƙiƙa. Tabarma ɗaya ba ta gaya maka komai, sai an tara ɗaruruwa a ɗauki matsakaici. Kuma dogon layin ciyawa yana nuna motsinsa ta gefe ne kawai, tafiyarsa a tsawonsa ba ta bayyana sai in yana da lanƙwasa ko ƙarshe da za a kama.

Mai Kwamfuta:
To in ragowa za a koya, ga yadda zan tsara. Kada a ba na'ura gabas da arewa tsagwaronsu. A juya komai zuwa ma'aunin iska: abin da ke bin iska da abin da ke gicciye ta. Ta haka abin da ta koya a iskar gabas zai yi aiki in iska ta juyo daga kudu. Kada a ba ta layin tsaye na taswira ko lambar ƙwallo, in ba haka ba za ta haddace wurare. A ba ta adadin Coriolis na wurin, don karkatar da juyawar duniya ke jawowa, zuwa dama a arewacin ikwaita, ta danganta da shi. Sai saurin iska, tsayin raƙuma da tsawon lokacinsu, gudun ruwan samfuri, juyawarsa da tattaruwarsa a wurin, zurfin gaurayayyen ruwan sama, da iskar awa 48 zuwa 72 da suka wuce.

Wannan na ƙarshen shi ne dalilin da na fi son LSTM, na'ura mai koyo da ke riƙe abin da ya wuce a jere. Ruwan sama-sama ba ya amsa iska nan take, yana lilo a da'ira bayan iska ta canza. A digiri 15 arewa zagaye ɗaya kusan awa 46 ne, a digiri 10 kusan 69. In samfurin tekunka matsakaicin yini yake bayarwa, wannan lilon ya dushe a ciki, kuma tarihin iska ne kaɗai zai dawo da wani abu daga cikinsa.

Abu mafi muhimmanci, kada a horar a kan taki ɗaya. A saka ragowar a cikin lissafin tafiya, lissafin taki-taki na RK4 da takin awa ɗaya ya isa tunda ko a mita ɗaya a daƙiƙa kilomita 3.6 ne, bai kai gida ɗaya ba. A bar ta ta yi tafiyar kwana uku zuwa biyar da kanta, a auna nisan da ke tsakaninta da ainihin hanyar. Wadda aka horar a kan awa ɗaya kullum daga wurin gaskiya take farawa, ranar aiki kuwa daga kuskurenta na jiya za ta ci gaba.

Injiniya Mai Ruwa:
Tsarin ya yi, amma ni da LSTM da SINDy, SINDy zan fara gwadawa, wato hanyar da ke zaƙulo gajeren lissafin motsi daga bayanai. A jera jimlolin da ake zargi: gudun ruwa, shi ɗin an juya shi digiri 90, iska, ita ma an juya ta, iska an ninka da ƙarfinta, sauyin saurin ruwa a kan hanya, juyawar ruwa an ninka da gudunsa. A yi lissafin dacewa, a datse masu ƙaramin nauyi, a maimaita har a rage da uku ko huɗu. Abin da zai fito lissafi ne da mutum zai karanta ya ce wannan jimlar ta saɓa wa hankali.

Kuma akwai tushe. Lissafin Maxey da Riley na abin da ke da girma da nauyi a cikin ruwa, wanda Beron-Vera da abokan aikinsa a Jami'ar Miami suka gyara don abubuwan da ke yawo a saman teku, yana nuna cewa irin wannan abu ba ya bin ruwa sau da ƙafa. Wasu ƙawanyoyin suna tattara shi, wasu suna korarsa. Har sun ɗauki tabarmar sargasum a matsayin dunƙule-dunƙule da aka haɗa da igiyoyi masu miƙewa suna tsinkewa. Lissafa ɗaruruwan dunƙule a kowace tabarma yana cin lokaci, shi ya sa ake son na'ura ta koyi tafiyar tsakiyar tabarmar kawai. In ka matse abubuwa da yawa suka koma ɗigo ɗaya, abin da ka zubar yana dawowa a siffar tuna baya, don haka ko a SINDy sai an saka jimlolin awannin da suka wuce.

Dakta Ƙididdiga:
Gargaɗi biyu a nan, Injiniya. Na'urar da aka horar a kan hanyoyin da wani samfuri ya ƙirƙira, samfurin ta koya, ba teku ba. Ribarta sauri ne kawai, kuma duk kuskuren uban tana gadonsa.

Na biyun ya shafi SINDy kai tsaye. A yankin iskar gabas, iska yamma take turawa, raƙuma yamma, Gudun Arewacin Ikwaita ma yamma, wata da watanni. Jimloli uku suna tafiya tare, lissafin dacewa ba zai iya raba musu nauyi ba. Yau zai ba iska kashi 2 ya hana Stokes, gobe da wasu ƙwallaye ya juya. Sai an nemo lokutan da suka saɓa: bayan wucewar guguwa, a gefen ƙawanya inda ruwa ke komawa gabas, ko inda raƙuman nesa ke zuwa daga arewa iska na zuwa daga gabas. A ƙara wa waɗannan nauyi. A daidaita girman kowace jimla kafin datsewa, in ba haka ba ma'aunin awo ne zai zaɓa maka. A maimaita sau ɗari da zaɓin ƙwallaye dabam-dabam, jimlar da ba ta dawowa a mafi yawansu a jefar da ita.

Kowace hanya aka bi, a kwatanta ta da abokan gwaji masu arha: cewa tabarma za ta ci gaba da saurin jiya, matsakaicin gudun ruwa na watan, da lissafin ruwa da kason iska guda da aka daidaita a kan bayanan horon. Na ukun nan shi ake yawan tsallakewa. A kan kwatanta na'ura da ruwa tsagwaronsa babu iska, a yi shelar nasara, alhali lamba ɗaya tak da an daidaita ta da ta ci mafi yawan ribar.

Baba Mai Hasashe:
Kun yi ta magana a tsakiyar teku, masu buƙatar hasashen kuwa a gaɓa suke. Ciyawar in ta sauka ta kwana biyu, ruɓewa take farawa, tana fitar da iskar haidirojin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A 2018 likitoci a Gwadalup da Martinik sun ƙirga sama da mutum 11,000 da ta shafa cikin wata takwas. A watan Yunin 2018 ɗin, masu bincike a Jami'ar Kudancin Florida sun ƙiyasta sama da tan miliyan 20 a ɗamarar da ta kai tsawon kilomita 8,850. Mai shimfiɗa shingen ruwa ko mai tura jirgin kwasa yana son sanin wace gaɓa, cikin kwana uku zuwa huɗu.

Abu na farko da ke lalacewa ranar aiki: an horar da na'ura da bayanan iska na ERA5 da na ruwa na GLORYS, waɗanda aka gyara bayan an ga abin da ya faru. Ranar aiki hasashen iska da hasashen ruwa za ka ba ta, masu kuskuren da ke ƙaruwa kowace rana. Makin da aka samu da gyararrun bayanai ba shi za a samu ba. A ajiye tsofaffin hasashe yadda suka fito, a yi jarrabawar ƙarshe da su.

Na biyu, kada a ba da layi ɗaya. A zuba ɗigogi a duk inda aka ga ciyawa gwargwadon yawanta, a gudanar da su da iskoki dabam-dabam, cibiyar hasashen yanayi ta Turai tana fitar da kusan hamsin, a jujjuya kason iska tsakanin 0.5 da 2, a ƙara ɗan watsuwa. Sakamakon ya zama yiwuwa. Sannan a bincika: ranakun da aka ce kashi 70, shin bakwai cikin goma ciyawar ta zo?

Na uku, kilomita ashirin na ƙarshe. Gidan kilomita 9 bai san murjani ba, bai san bakin kogi ko lungun gaɓa ba, ƙaramin tsibiri ma gida biyu ko uku ne a cikinsa. A nan ne na ga na'ura mai koyo ta fi cancanta, kuma ba sai mai zurfi ba, bishiyoyin yanke hukunci, masu bin jerin tambayoyin e ko a'a, sun isa. A ba ta yawan ciyawar da ke kilomita 20, 50 da 100 ta inda iska ke fitowa, ƙarfin iskar da ke dukan gaɓar kai tsaye, raƙuma, cikar teku, da fuskar da gaɓar ke kallo, a koya mata da hotunan kyamarar gaɓa. Rahoton mutane yana da son kai: daga wuraren shaƙatawa yake fitowa, rashin rahoto a gaɓar da ba kowa ba ya nufin ba ciyawa.

Ɗalibin Teku:
Baba, in an wuce mako fa? Wata biyu ko uku gaba?

Baba Mai Hasashe:
Wannan wata sana'a ce dabam. Bayan kwana goma babu hasashen iska abin dogaro, kuma ciyawar raye take. In zafi da abinci sun yi mata, tana ninka kanta cikin mako biyu zuwa uku. Ruwan da gishirinsa ya ragu sosai yana rage mata girma, ta tsufa ta nutse, guguwa mai ƙarfi ma tana rage ta. A nan ba a bin tabarma, ana tambayar yawan da yanki zai samu. Yawan da aka gani a tsakiyar Atlantika a farkon shekara yana nuna irin kakar da Karibiyan za ta gani, kuma lissafin dacewa mai sauƙi ko jadawalin yiwuwar ƙaura daga akwati zuwa akwati da aka gina daga ƙwallayen bin ruwa yana kama wannan. Da kaka goma sha 'yan kai, na'ura mai nauyi dubbai ba ta da abin ci.

Injiniya Mai Ruwa:
A tuna kuma da yadda abin ya faro. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne iskokin da suka saɓa al'ada a hunturun 2009 zuwa 2010 sun kwaso ciyawa daga Tekun Sargaso zuwa gabas, daga nan ruwa ya gangaro da ita yankin zafi. Duk na'urar da aka horar da hotunan kafin 2011 da sifili za ta ce har abada. Lissafin tafiya kuwa, in ka ba shi iskar shekarar, zai kai ɗigogin can.

Ɓangaren gabas ma yana da nasa. Gudun da ke komawa gabas a arewacin ikwaita yana ƙarfi daga tsakiyar shekara zuwa ƙarshenta, shi ke kai ciyawa wajen Saliyo har mashigin Gini. Can iskar damina daga kudu maso yamma take, ba gabas ba, kuma kusa da ikwaita lissafin gudun ruwa daga tsayin teku yana rauni saboda adadin Coriolis yana dosar sifili. Ragowar da aka koya a Karibiyan sai an sake jarraba ta can da ƙwallayen yankin.

Mai Kwamfuta:
Duk da haka ban janye kan hoto gaba ɗaya ba. Wajen gano ciyawar a hoto, U-Net tana raba ta da gefen gajimare fiye da yankan lamba guda a AFAI, don tana kallon siffa, dogon layi ne ko ɗigo ne shi kaɗai. Wurin farawa mai tsabta ya kan fi gyaran sauri amfani.

Malamar Taswira:
A nan muna tare, Malam, da sharaɗi. Terra ya tashi a 1999, Aqua a 2002, duk sun tsufa, lokacin wucewarsu yana gocewa, kusurwar rana tana sauyawa, ƙyallin ma ya sauya wuri. Aikin yana komawa kan na'urorin ɗaukar hoto na baya-baya, VIIRS mai ɗigon mita 750 da OLCI na tauraron Sentinel-3 mai mita 300. Ƙaramin ɗigo yana ganin ƙananan tabarmi, don haka jimillar za ta tashi ko ciyawa ba ta ƙaru ba. Sai an daidaita su a shekarun da suka yi aiki tare kafin a haɗa su a horo ɗaya. Sentinel-2 mai mita 10 zuwa 20 yana da kyau a bakin gaɓa, amma duk kwana biyar yake dawowa, kuma ba ya ɗaukar tsakiyar teku.

Ɗalibi, in za ka fara, kada ka ɗauki haɗaɗɗiyar taswirar mako a matsayin ta yau. Ka koma hotunan kowace rana, kowace tabarma ka rubuta mata ranar da aka gan ta, ka tura ta da lissafin ruwa da iska zuwa safiyar yau. In wurin da ta kamata ta kasance ya washe kuma ba a gan ta ba, ka rage mata nauyi. In gajimare ne a kai, ka bar ta da nauyinta, amma ka faɗaɗa da'irar rashin tabbas da kamar kilomita 10 a kowace rana, ka kuma ba na'urar yawan kwanakin da aka yi da ganin tabarmar a matsayin ɗaya daga cikin abubuwan da take karɓa.

Dakta Ƙididdiga:
Kilomita 10 ɗin nan kada ya ɗauke ta a matsayin doka, Malama. Ya auna ta daga ƙwallaye marasa jela, yanki-yanki. A gefen ƙawanyoyin Burazil da mashigin Yukatan za ta fi haka nesa ba kusa ba, a tsakiyar Gudun Arewacin Ikwaita kuma mai yiwuwa ta gaza.